Mota a Rana: Yadda Za a Kare Fentinta Idan Babu Gareji

Jawabin da aka gabatar a zaman la'asar na taron shekara-shekara na Ƙungiya



Da Sakataren Ƙungiya ya buga mini waya ya ce an sa sunana cikin masu jawabi a bana, sai na tambaye shi a kan me. Ya ce kwamiti ya bar wa kowa ya zaɓi abin da ya sani, muddin dai zai amfani 'yan'uwa. Na kwana biyu ina juya maganar. Ni ba likita ba ne balle in yi bayanin hawan jini, ba kuma lauya ba ne balle in yi na rikicin fili. Ma'aikacin gwamnati ne, aikina fayil da wasiƙu. Daga ƙarshe na ga cewa a 'yan shekarun nan babu darasin da na biya kuɗinsa da tsada kamar darasin fentin mota, saboda haka shi na kawo muku, kuma kyauta.

Na san wasu za su ce a ransu, ana fama da tsadar abinci wa yake ta fenti? Ina roƙon su yi mini haƙuri kaɗan. Tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da aka sanar da cire tallafin man fetur, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa wajen naira 500 cikin 'yan kwanaki. A watan Yuni na wannan shekara aka saki darajar naira, dalar da ake samu wajen naira 460 a farashin gwamnati ta haura naira 1,500 kafin ƙarshen Fabrairun 2024. Mota kuwa da kayan gyaranta da fentinta galibi da dala ake shigo da su. Ma'anar wannan ga ma'aikaci irina ita ce, motar da ke ƙofar gidanka yau mai yiwuwa ita ce za ta kai ka ritaya. Ta tashi daga kayan ado ta koma jari, kuma bayan fili ko gida, da yawa daga cikinmu ba mu da wata kadara da ta fi ta.

Yadda Na Koyi Darasin

Abokan ajinmu da ke nan za su tuna cewa tun muna aji uku nake manna hotunan motoci a cikin murfin akwatina, har wani firfet ya taɓa sa ni yankan ciyawa a kan haka. A cikin hotunan nan babu wadda ta kwanta mini a rai kamar Toyota Celica, 'yar gajeriyar motar nan mai ƙofa biyu, irin ta gudu. Kamfanin Toyota ya fara ƙera ta a 1970, ya daina a 2006. A 2019 na ci karo da ɗaya daga cikin samfurin ƙarshe, wanda aka fara fitarwa a 1999, mai inji lita 1.8, shuɗiya mai ƙyalli, a hannun wani dattijo da ya riƙe ta shekara da shekaru a cikin gareji kamar amarya. Na ci bashi a ƙungiyar taimakon kai da kai ta ma'aikata, na haɗa da kwasar adashi, na saye ta. Mahaifiyata da ta gan ta cewa ta yi, “To ina za a sa buhun masara?” Ban da amsa har yau.

Gidan da nake haya ba shi da gareji, ƙofarsa ma ko Keke Napep ba zai shiga ba. Don haka motar da ta saba kwana a ɗaki ta koma kwana a waje, a gindin wata darbejiya da ke ƙofar gida, da rana kuma ta wuni a filin ajiye motoci na ofis inda babu inuwa ko ta kara. Kuma kada ku ɗauka sakaci na yi da ita. Kullum da safe sai na kaɗe ta da tsumma na goge ta tas. Ranar Asabar in ba wani yaro garin sabulun wanki da soso da bokiti guda ya dirje mini ita da tsakar rana. A ganina babu mai kula da mota kamata.

Cikin shekara ta biyu na lura ƙyallin ya fara dushewa. Cikin ta uku wani farin tabo ya fito a rufin kamar ƙyasfi, sannan ya fara ɓarewa kamar fatar maciji. A 2023, da iyali suka ƙaru, na yi shawarar sayar da ita in cika in sayi mai ƙofa huɗu. Dillalin da na kira bai buɗe inji ba, bai ma tayar da ita ba. Rufin kawai ya duba da murfin inji, ya shafa da tafin hannu, ya faɗi kuɗin da ya sa na ji jiri. Na ce masa injin lafiyarsa lau. Ya ce, “Yallaɓai, mai saye da ido yake fara saye.” Na fasa cinikin. Sake fentin rufi da murfin inji da bayanta ya cinye mini abin da ya kusa albashin wata uku, ga sauran bashi ban gama biya ba. Mai fentin, wani dattijo da ya haura shekara talatin a sana'ar, shi ya zaunar da ni ya ce rana ta yi nata, amma rabin ɓarnar da hannuna na yi ta. Daga nan na shiga tambaya da karatu.

Mene Ne Fentin Mota?

Mafi yawanmu mun ɗauka fenti launi ne kawai da aka fesa a kan ƙarfe. A motocin zamani hawa huɗu ne. Na farko shi ne wanda ake tsoma gangar jikin motar a cikinsa a masana'anta, a manna shi da ƙarfin lantarki, aikinsa hana tsatsa. Na biyu shi ne shimfiɗar da ke daidaita fuskar ƙarfen. Na uku shi ne launin da ido ke gani. Na huɗu, wanda ke sama, ba shi da launi ko kaɗan, garai yake kamar gilashi, masu fenti suna kiransa kiliya. Shi ne ke ba da ƙyalli, kuma a cikinsa aka zuba sinadaran da ke tare ƙunar rana.

Abin da zai ba ku mamaki shi ne kaurinsu. Duka hawa huɗun nan in an haɗa su ba su cika wuce maikuron 100 zuwa 150 ba, maikuron ɗaya kuwa kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita. Wato kaurin fentin motarka gaba ɗaya bai fi na wannan takarda da ke hannuna ba sai da kaɗan. Kiliyar ita kaɗai wajen maikuron 40 zuwa 50 ce, ba ta kai kaurin takardar ba ma. Wannan 'yar fatar ita ce tsakanin jarinka da rana.

Akwai wani bambanci da ya kamata mu gane. Yayyenmu za su tuna Peugeot 504 da aka riƙa haɗawa a Kaduna bayan buɗe masana'antar a 1975. Yawancin motocin wancan zamani launi da ƙyalli a hawa ɗaya suke. In fentin ya yi fari ya koɗe, sai a samu man gogewa a dirje, a cire mataccen saman, sabo ya fito. Daga shekarun 1980 masana'antu suka koma tsarin launi daban kiliya daban. To mun gaji dabarar dirza daga iyayenmu, amma motocin sun canza. Kiliya in ta ƙare ta ƙare, babu wani man da zai dawo da ita, sai dai sabon feshi. Wanda yake son sanin irin nasa fentin, ya ɗiga man gogewa a farin ƙyalle ya murza a wani lungu da ba a gani. In launin motar ya fito a ƙyallen, hawa ɗaya ne. In bai fito ba, akwai kiliya. A motocin zamani, fenti mai ƙyalƙyalin ƙarfe a ciki, irin nawa, yana da ita.

Har ila yau, fentin masana'anta ana gasa shi ne a zafin da ya kai wajen digiri 140, tun motar tana ƙarfe zalla, ba a sa mata roba ko waya ko kujera ba. Mai fentin gari ba shi da halin yin haka, domin motar za ta narke masa. Shi ya sa ko an sake feshi da kyau, samun wanda ya kai na asali ƙarko yana da wuya. Fentin asali sau ɗaya ake samunsa.

Abokan Gaba Guda Biyar

Na farko ita ce rana. A cikin haskenta akwai wani kashi da ido ba ya gani, wanda masana ke kira UV, shi ne ke tsinka ƙwayoyin da suka sarƙe suka zama kiliya, kamar yadda yake cinye bokitin roba da aka bari a tsakar gida har ya riƙa karyewa. Mu kuma Allah Ya ajiye mu inda rana take da ƙarfi. Kano tana kan digiri 12 ne arewa da tsakiyar duniya, sau biyu a shekara rana ke bi ta tsakar kanmu daidai, wajen ƙarshen Afrilu da kuma cikin Agusta. A bazara zafin iska yakan haura digiri 40, jikin mota mai duhun launi kuwa yakan haura digiri 70. Wannan ne dalilin da ya sa rufi da murfin inji da bayan mota suke fara mutuwa, alhali ƙofofi suna nan da kyansu. Fitilun gaba ma da kuke gani suna komawa rawaya, aikin rana ne, domin na motocin yanzu roba ce.

Na biyu ita ce ƙurar hunturu. Daga Nuwamba zuwa Maris iska ke ɗebo ta daga Sahara, kaso mai yawa daga wani kwari da ake kira Bodele a ƙasar Chadi. Tana da laushi a hannu kamar garin fulawa, amma a cikinta akwai ɓarɓashin yashi. Waɗanda ba su yi barci a ajin kimiyya ba za su tuna ma'aunin taurin duwatsu na Mohs, mai hawa 1 zuwa 10. Dutsen da yashi ya samo asali daga gare shi yana hawa na 7, gilashin taga ma bai kai shi ba, balle fenti. Ƙurar da ke kwance a kan mota ba ta yin wata ɓarna mai yawa sai an taɓa ta. Ranar da ka ɗauki busasshen tsumma ka goge, ka mai da tsummanka takardar yashi. Ku je ku duba motocinku a rana, za ku ga wasu siraran zane kamar saƙar gizo-gizo. Sa hannunmu ne. Kowane zane yana rage kaurin kiliya, ni kuwa na yi shekara uku ina yi kowace safiya.

Na uku ita ce inuwar bishiya, wadda muke gudu gare ta. Darbejiya, wadda aka kawo mana daga Indiya a zamanin Turawa, tana da inuwa mai daɗi, amma jemagu suna son 'ya'yanta, tsuntsaye kuma suna kwana a kanta. Kashin tsuntsu yana da sinadari mai cin fenti. Daɗin daɗawa, idan rana ta gasa mota kiliya takan yi laushi, da dare kuma ta ƙanƙance ta daskare da siffar busasshen kashin, shi ya sa ko an wanke sai a ga tambarinsa. A lokacin zafi kwana ɗaya ko biyu sun isa. Haka ƙaro da darɓar da ke ɗigowa daga mangwaro da sauran itatuwa, in suka bushe sai sun tashi da wani abu.

Na huɗu shi ne ruwa da sabulu. Ruwan rijiya da na burtsatse a wurare da yawa yana ɗauke da gishirin ƙasa, irin wanda ke yin fari a cikin butar shayi. In aka wanke mota a rana ruwan ya bushe da kansa, gishirin zai zauna ya bar ɗige-ɗige, in ya daɗe ya ci cikin kiliya. Garin sabulun wanki kuwa an yi shi ne don ya cire maiƙo daga tufafi, saboda haka yana wanke duk wani kakin kariya da aka shafa, yana busar da robobin gilashi, ƙwayoyinsa da ba su narke ba kuma suna karce jiki.

Na biyar su ne mu da dabbobinmu. Gajeriyar mota irin tawa kujera ce ga duk mai jiran wani a ƙofar gida, allo ce ga yaran da ke rubuta “a wanke ni” da yatsa, dutse ce kuma ga awakin maƙwabta. Na taɓa fitowa da asuba na tarar da ɗan akuya a tsaye a kan rufi yana kallona kamar shi ya biya bashin. Saboda kusancinta da ƙasa, hancinta ne ke karɓar tsakuwar da manyan motoci ke watsowa da kwaltar da ta narke. Sai kuma man birki, wanda in ya zuba a jikin mota yana iya tayar da fenti cikin ɗan lokaci, da fetur da ke malala a bakin tanki, da ruwan siminti in ana gini kusa.

Abin da Ya Kamata a Yi

Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani. Zan jero matakan daga mafi amfani, ba daga mafi tsada ba.

Mataki na farko, inuwar da ba ta zubar da komai. Bayan na sake fenti, na nemi izinin mai gida da na mai unguwa, na kafa rumfa ta ƙarafa huɗu da kwano a gefen katanga. Kuɗinta bai kai kashi ɗaya cikin huɗu na abin da na ba mai fenti ba. Wanda ba shi da halin kwano, rumfar zana ma ta fi babu. A wurin aiki kuma, ka lura da inda inuwar gini take faɗawa daga azahar zuwa la'asar, ka riga kowa zuwa wurin. Wannan ya ƙara mini wani amfani da ban zata ba, shugabana ya fara yaba mini da zuwa aiki da wuri. In babu inuwa sam, ka riƙa juya fuskar motar, kada gefe ɗaya ya riƙa shan rana kullum.

Mataki na biyu, rigar mota. Tana da amfani, amma da sharaɗi uku. Ta kasance mai laushi daga ciki, mai barin iska ta ratsa. Ta kasance daidai jikin motar, a ɗaure ta tam, domin in tana kaɗawa a iskar hunturu gogar fentin take yi dare da rana. Sannan kada a taɓa rufa ta a kan mota mai ƙura. Tamfol da leda ba rigar mota ba ne, suna tara zafi da gumi, a damina har su sa kiliya ta yi gajimare. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Mataki na uku, wanki yadda ya dace. A yi shi da sassafe ko da yamma, a inuwa, lokacin da za ka iya ɗora tafin hannu a murfin inji ba ka janye ba. A fara kwarara ruwa zalla daga sama zuwa ƙasa don ƙura ta sauka kafin hannu ya taɓa. A tanadi bokiti biyu, ɗaya na ruwan sabulun mota, ɗaya na ruwan ɗauraya. Duk shafa ɗaya, a ɗauraye ƙyallen a bokiti na biyu kafin a mayar da shi na farko, ta haka yashin zai zauna a gindin bokiti maimakon ya koma jikin mota. A yi amfani da ƙyalle mai laushi irin wanda ake kira maikurofaiba. A fara daga rufi, a ƙare da ƙasan ƙofofi, tayoyi kuma da nasu tsumman daban. In ƙyalle ya faɗi ƙasa, ya gama aiki sai an wanke shi. Daga ƙarshe a tsane ruwan da busasshen ƙyalle mai tsabta, kada a bar wa rana. Sau ɗaya a mako ya wadatar. Ranar da babu ruwa, ko 'yan garuwa sun tsawwala, ka goge gilashi da fitilu don ka ga hanya, ka bar sauran jikin da ƙurarsa. Na san da nauyi mutum ya shiga ofis da mota butu-butu, amma ƙurar mako guda ba ta kai gugar safiya ɗaya ɓarna ba.

Mataki na huɗu, gaggawa a kan tabo. Ina ajiye gorar ruwa da ƙyalle a cikin mota. In na ga kashin tsuntsu, sai in jiƙa ƙyallen in ɗora a kai na minti biyu ko uku har ya yi laushi, sannan in ɗauke shi a hankali ba tare da murzawa ba, domin akwai tsakuwa a cikinsa. Kwalta tana fita da ɗan kananzir a ƙyalle, amma a wanke wurin da sabulu nan take a sake shafa kaki. Man birki da fetur, a kwarara musu ruwa a take. Inda tsakuwa ta fasa fenti har ƙarfe ya bayyana, a toshe shi kafin damina. Kowace mota tana da lambar launinta a wani ɗan allo, galibi a jikin ginshiƙin ƙofar direba ko a ƙarƙashin murfin inji. Ka kai wa masu haɗa fenti lambar, su haɗa maka ɗan kaɗan, ka ɗiga da tsinke. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, tsatsa ma haka take.

Mataki na biyar, abin shafawa. A nan ne aka fi cutar mutane a kasuwa, don haka a bambance abu biyu. Man gogewa, wato folish, yana kankare saman kiliya ne don ya shafe zane. Kaki kuwa ƙari yake yi a kanta. Duk lokacin da aka sa wa mota injin gogewa an rage mata kauri, saboda haka ba abin yi ba ne duk wata, sai da dalili, kuma a hannun wanda ya iya.

Abin kariya iri huɗu ne. Akwai kakin karnuba, wanda ake samu daga ganyen wata bishiya dangin giginya da ke arewa maso gabashin Brazil. Ba ya narkewa sai zafi ya haura digiri 80, alhali kakin zuma yana narkewa tun wajen digiri 63, shi ya sa ake zaɓarsa. Yana da sauƙin kuɗi da sauƙin shafawa, amma a ranarmu kada ka sa ran ya wuce wata ɗaya zuwa biyu. Akwai na haɗin masana'anta, wanda kan kai wata huɗu zuwa shida, kuma a ganina shi ya fi dacewa da ma'aikaci. Akwai wanda ake kira siramik, ruwa ne da ke daskarewa ya yi tauri a kan kiliya, yana iya kai shekara biyu ko fiye, sai dai yana da tsada, kuma in ba a gyara fentin sosai kafin a shafa ba, an rufe datti ne a ƙarƙashinsa. Kada kuma wani ya ce muku yana hana karcewa ko fashewar tsakuwa, sauƙin wanki yake kawowa da kariya daga tabo. Na huɗu wata leda ce garai mai kauri da ake mannawa, wadda asalinta sojojin Amurka suka fara amfani da irinta a fukafukan jirage masu saukar ungulu. Ta fi fentin kansa kauri, kuma ita kaɗai ce ke tare tsakuwa. Wanda yake da hali, ya sa ta a hancin mota da gaban murfin inji kawai.

Yadda za ka san ko kariyarka tana nan abu ne mai sauƙi. Bayan wanki ka watsa ruwa a murfin inji. In ya dunƙule ya zama 'yan ƙwallaye yana gangarewa, da sauranta. In ya baje ya kwanta, lokacin sabuntawa ya yi. Kuma a kula da kayan jabu, a duba ranar ƙarewar aiki, domin araha ba ta ado.

Tsarin Shekara

Ga yadda na raba wa kaina aikin. A watan Oktoba, da ɗaukewar ruwa, ina yin babban wanki in shafa kariya don tarbar hunturu. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu, doka ɗaya ce, babu busasshen tsumma. A farkon Maris ina sake shafawa kafin zafin bazara, in kuma ƙara matsa wa kaina a kan neman inuwa. A watan Mayu ina bin jikin motar da ido in toshe duk inda ya fashe. A damina ina wanke taɓo daga ƙarƙashi da bakin tayoyi, in share ganyen da ke taruwa a gindin gilashin gaba, domin yana toshe hanyar ruwa ya jawo tsatsa. Duka wannan bai fi awa ɗaya a mako ba, da yini biyu ko uku a shekara.

Kammalawa

Ya ku 'yan'uwa, a wannan makaranta an koya mana cewa ranar Asabar ake duba ɗakuna, kuma wanda ya bari sai ranar ya fara shara ya riga ya makara. Mun fita mun bar darasin a bakin ƙofa. Mu da muke aikin gwamnati mun san yadda motocin da aka saya da dukiyar jama'a suke ƙarewa a bayan ofisoshi, rana ta cinye fenti, ruwa ya shiga, tsatsa ta gama da su, alhali da an kafa musu rumfa da sun ƙara shekaru suna aiki. Ba zan zargi kowa ba, tunda ni ma abin da na yi wa tawa ke nan, wadda na saya da gumina.

Celica tana nan a waje, a ƙarshen layi na biyu, inda inuwar ɗakin gwaje-gwaje ke faɗawa. Yau shekara biyu ke nan da 'yan watanni da sake fentinta, kuma dillalin nan ya dawo sau biyu da kansa yana tambaya. Wanda yake so, bayan an tashi ya zo mu watsa mata ruwa ya gani da idonsa. Roƙona ɗaya ne, kada a zauna a kan murfin inji.

 In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah Ya maimaita mana, Ya mai da kowa gidansa lafiya.